Littafin Kawu: Daga Kano zuwa Abijan Kallon 'Yan Baya

Kawuna ba ya kallon ƙwallo irin yadda mutane ke kallo. In aka shiga gidan kallo, idon kowa yana bin ƙwallo, shi nasa yana can gefen allo, inda wasu ƙarti biyu ko uku ke tsaitsaye kamar an mance da su. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da lamba biyar a wata ƙungiyar unguwa a Fagge, zamanin da filin wasa jar ƙasa ce da tsakuwa, kuma har yau in ya ɗage wando zai yi alwala ana ganin tabon da ƙasar ta bar masa a gwiwa. Da aka buɗe gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa cikin Janairun 2024 muka yi kunnen doki da Ikwatoriyal Gini, bai ce uffan ba. Ranar 18 ga wata kuwa, da muka doke masu masaukin baƙi da ci ɗaya mai ban haushi, ko gida bai ƙarasa ba ya bugo mini waya.

"Ka ga abin da Baturen nan ya yi? Ya mai da su uku a baya." José Peseiro yake nufi, ɗan Fotugal ɗin da ke horar da Super Eagles a lokacin. "Haɗa jakarka. Talabijin ba ta nuna ɗan baya, mai kyamara ƙwallo yake bi. Ina so in gan su da idona kafin idon ya gama tafiya."

Na ce, "Kawu, Abijan fa ba Wudil ba ce."

Ya ce ai ya sani, kuma yana da amini a can wanda rabonsu da haɗuwa shekara ashirin, masauki ba zai gagara ba. Da zamanin lafiya ne ta Maraɗi za mu fita, mu ratsa Burkina Faso mu gangara. To iyakar Nijar a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, hanyar Burkina kuma ba ta mai son ransa ba ce. Dole muka bi ta bakin teku. Ranar Lahadi 21 ga wata muka hau doguwar motar Legas, Kawu da carbinsa da wani littafin rubutu na 'yan firamare a aljihun gaba.

Ko Zariya ba mu kai ba samarin da ke kujerun baya suka kaure da musu a kan wa ya fi wani tsakanin Sergio Ramos da Virgil van Dijk. Mai goyon Ramos yana ta jan ƙwallon da ya ci da ka a minti na 93 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2014, mai goyon Van Dijk yana cewa saura ƙiris ya ƙwace kyautar gwarzon duniya daga hannun Messi a 2019. Kawu ya saurare su har Kaduna, sannan ya waiwaya.

"'Ya'yana, tun ɗazu kuna maganar 'yan baya, amma ban ji wanda ya ambaci tsaron baya ba. Ƙwallon da ya ci kuke lissafawa, ina waɗanda ya hana?"

Ɗaya ya ce, "Baba, ai wadda aka hana ba a sa ta a waya."

Kawu ya ce abin da ya fito da shi daga gida ke nan. Ya tuna musu Ramos ne ya fi kowa karɓar jan kati a tarihin gasar Sifaniya, kuma zafin zuciyar da ke kai shi gaban ragar abokan hamayya a minti na ƙarshe shi ne dai ke sa a kore shi daga fili. Van Dijk kuwa sanyinsa ne makaminsa, yana ja da baya yana lallaɓa ɗan gaba har ya kai shi lungu, amma ranar da jiki ya ƙi, wannan sanyin ne mutane ke kira kasala. Ya ce musu ɗan baya na ƙarshe da ya ɗauki kyautar gwarzon duniya, Fabio Cannavaro a 2006, ko tsawon kirki ba shi da shi, sanin lokacin tsalle ne ya ɗaga shi. Daga nan barci ya kwashe motar.

A Agege muka sauka washegari, wurin 'yan uwa masu sayar da goro, a nan muka kalli wasan Gini Bisau wanda su da kansu suka ci gidansu. William Troost-Ekong bai buga ba, Kenneth Omeruo ya tsaya a gurbinsa, yaron da ya ɗauki kofi tare da marigayi Stephen Keshi a 2013 yana ɗan shekara 19. Amma hankalin jama'a yana kan ɗaya allon, inda Ikwatoriyal Gini ke zazzaga wa Kwaddibuwa ƙwallo huɗu a gabanta da gaban iyayenta. Wani ya ce mana, "Alhaji, ku koma gida, biki ya watse, masu gidan ma an kore su."

Seme, Kwatano, sai iyakar Togo. Ba zan ɓata takarda a kan shingayen hanya ba, duk wanda ya bi ta nan ya san fasfo ba ya tafiya shi kaɗai sai da 'yar rakiya a cikinsa, ga naira kullum tana ƙara ramewa a gaban sefa. Abin da na riƙe daga Lome shi ne wani mai shayi, mutumin Dogondutsi, da ya ji daga Najeriya muke ya ce Keshi nasu ne, shi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karo ɗaya tak a tarihinta. Kawu ya ajiye kofinsa ya yi wa marigayin addu'a irin tasa, ya ce a duk lamba biyar da Najeriya ta yi, Christian Chukwu da Keshi ne suka iya tare ƙwallo sannan su ɗaga kai su aika ta inda suke so. Keshi ma ai Abijan ɗin da za mu je ita ce zangonsa na farko a waje, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports kafin ya haye Beljiyam.

Ankara ta Gana kuwa zaman makoki muka tarar. A Nima muka kwana, unguwar da Mohammed Kudus ya tashi, inda Hausa ke tashi a kowane lungu da ɗan karkacewar harshe mai daɗin ji. An fitar da Gana, an sallami kocinsu Chris Hughton, kowa kuma yana tsine wa 'yan baya, don ƙwallo shida aka zura musu a wasa uku. Mutanen nan ba su da sauƙi a kan mai tsaron baya, har a majalisar dokokinsu an taɓa yin ba'a da sunan Harry Maguire. Muna cin waake a bakin titi Kawu ya sa baki. Ya ce su ƙirga tare. Biyun da Masar ta ci, ɗaya Iñaki Williams ne ya mai da ƙwallo baya ta faɗa ƙafar abokin hamayya, ɗaya kuma a ƙafar Osman Bukari aka ƙwace ta, dukansu 'yan gaba. A wasan Mozambik suna gaba da ci biyu har minti 90 ta cika, André Ayew ya taɓa da hannu aka ba da fenareti, sannan mai tsaron raga ya taɓa ƙwallon da ke fita da kanta ya jawo kwana. "To ina laifin Djiku da Salisu a nan? Wani ya bar ƙofa a buɗe, ku kama mai gadi da duka." Wani dattijo ya ce, "Maalam, gaskiya ka faɗa, amma mu yau ba gaskiya muke nema ba."

Muka bi ta Cape Coast da Takoradi, teku a hagu, kwakwa da gonakin roba a dama, muka tsallaka kogin Tano daga Elubo zuwa Noé. Kafin nan labari ya sauya. Maroko ta doke Zambiya, wannan ya ba Kwaddibuwa damar lallaɓawa zagaye na gaba ta ƙofar baya, an kori kocinsu Jean-Louis Gasset an ɗora mataimakinsa Emerse Faé. Duk garin da muka ratsa akwai mai yawo da tutar Maroko.

Mai masaukinmu a Adjamé Bamaraɗe ne, yana sayar da atamfa, gemu ya yi fari fat. Suka rungume juna shi da Kawu suna kiran juna da sunayen ƙuruciya. Abincin farko da ya sa aka kawo mana garba ne, wato garin rogo da aka turara da soyayyen kifi da barkono da albasa. Na ce wane Garba? Ya yi dariya ya ce ai mutanenmu na Nijar ne suka shahara da sayar da shi, har sunansu ya bi abincin, yanzu duk Abijan ba mai kiran sa da wani suna.

Ranar Asabar 27 ga wata muka shiga filin Félix Houphouët-Boigny da ke bakin ruwa a tsakiyar birni, wasanmu da Kamaru. Kawu ya ƙi kujerun gefe, ya ce bayan raga yake so, can sama, don daga nan ne ake ganin ratar da ke tsakanin mutum da mutum. Ya fito da littafinsa ya ja layi biyar, kowane ɗan baya da nasa. In mutum ya waiga ya duba bayan kafaɗarsa kafin ƙwallo ta iso, ya ɗiga masa ɗigo. In ya kwanta ƙasa don ya tare, ya ja masa giciye. Na ce ai ni a wurina mai kwanciya ya share ƙwallo shi ne jarumi. Ya nuna mini gwiwarsa ya ce, "Ranar da na sami wannan, makara na yi. Filin tsakuwa ne ya koya mana tarewa a tsaye. Duk wanda ka ga wandonsa ya yi datti, ka tambayi inda yake daƙiƙa biyu kafin nan."

Minti goma da fara wasa na gane abin da talabijin ke ɓoye mana. Ƙwallo tana can gaba wajen Osimhen, amma a gabanmu mutum uku suna ta aiki. Ekong a tsakiya, hannunsa ba ya sauka, ya nuna nan, ya tafa, ya daka tsawa, Semi Ajayi a damansa da Calvin Bassey a hagunsa suna matsowa suna ja da baya kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Layin Ekong a littafin Kawu ya cika da ɗigo tun kafin hutun rabin lokaci.

Ekong, wanda aka haifa a Holan, uwa Baturiya uba ɗan Najeriya, ba shi da gudu, kuma in aka juya shi yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo. Rabon ƙwallonsa ma na talaka ne, ba ƙawa. Mu da muka daɗe muna kallonsa ba mu mance da cin gida da ya yi a wasan kusa da na ƙarshe da Aljeriya a 2019 ba, kuma kafin wannan gasar Peseiro ya daɗe da jingine shi. In aka bar shi su biyu a baya da fili mai faɗi a bayansa, abin tausayi ne. Amma a tsakiyar uku, da dogo a dama da mai gudu a hagu, sai ya zama ba a buƙatar ƙafarsa, kansa da bakinsa ake so, su kuwa ba a fi shi ba. Kawu ya ce, "Baturen bai gyara kowa ba. Kowa ya ba shi maƙwabcin da zai rufa masa asiri."

Ajayi, ɗan West Brom a lokacin, dogo ne siriri, taku ɗaya nasa biyu ne na wani, ya taɓa buga tsakiya a ƙananan ƙungiyoyin Ingila, shi ya sa ƙwallo ba ta ƙona masa ƙafa. Har raga ya zura a farkon wasan aka soke saboda satar gida. Aibinsa shi ne ba ya son a fito da shi gefe. In ƙaramin ɗan wasa mai yanka ya ja shi bakin layi, za ka ga yana takawa kamar mai tsallake kwata. Kuma yakan yi gyangyaɗi sau ɗaya a wasa, sai dai a yi addu'a kada ya zo a mugun lokaci.

Bassey ne ya raba ni da Kawu. Ni magoyin bayan Arsenal ne, ban mance yadda aka kore shi da katin gargaɗi biyu a filinmu cikin Agustan 2023 ba, yana sabon zuwa Fulham, bayan shekara guda a Ajax inda 'yan jarida suka sa shi gaba a kan kurakuran raba ƙwallo. A ganina mutum ne mai ƙarfi da garaje, ƙirji kamar ƙofar gari, ya fito da gudu ya bar gurbinsa. Kawu ya ce in daina kallon fitarsa, in kalli lokacin da yake fita. Da na lura, ashe ba ya barin wurinsa sai ɗan gaba ya ba raga baya, kuma da ya fita Ekong ya matso hagu, Zaidu Sanusi ya shigo ciki. Garajen da ya zame masa laifi a Amsterdam, inda ake son ɗan baya ya yi ta saƙa ƙwallo kamar mai ɗinkin hula, shi ne a nan ya hana 'yan Kamaru juyowa. A minti na 90 ma shi ne ya ruga har cikin da'irarsu ya miƙa wa Lookman ta biyu.

Ta farkon kuwa kyauta ce daga ɗan bayansu Oumar Gonzalez, wanda ya tsaya gyara ƙwallo Osimhen ya faɗa masa ya ƙwace. Kawu bai yi murna sosai ba, tausayin yaron ya kama shi. Ya ce a zamaninsu in ka ji numfashin ɗan gaba a ƙeyarka, gola kake mayar wa ya cafe da hannu, a huta. A 1992 aka hana haka, a 2019 kuma aka yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola tun daga cikin da'ira, sai koci-koci suka mai da lamba biyar mai fara saƙa wasa. Yanzu ana son mutum ɗaya ya zama katanga kuma ya zama tela. Da aka tashi, Kamaru ba ta buga ko ɗaya da ta nufi raga ba. Kocinsu Rigobert Song yana tsaye a bakin layi hannu a ƙugu. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Shi ne ya buga fenaretin ƙarshe da ya raba mu da kofi a Legas a 2000, shi ne kuma aka ba jan kati a gasar duniya biyu a jere, 1994 da 1998. "Zaki ne," in ji Kawu, "amma zaki ba ya gadin gida."

Washegari aka wayi gari da labarin Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fice daga ECOWAS. A shagon mai masaukinmu ranar ba a yi maganar ƙwallo ba, kowa na lissafin takardun zamansa.

Wasan Angola ranar Juma'a 2 ga Fabrairu ba shi da dogon labari. Lookman ya ci ɗaya, muka tsare gida, wasa na huɗu a jere ba a zura mana ba. Amma sau ɗaya aka jefa ƙwallo ta bayan layinmu, Zini ya tsere shi da gola, ta bugi turke ta dawo. Kawu ya zagaye wannan minti da jan biro. A wasan ne na sa ido a kan Sanusi, don Hausawan da ke kusa da mu ba sa kiran kowa sai shi, ɗan Jega, yaron da ya ci wa Porto ƙwallon da ta ba ta kofin gasar lig ta Fotugal a gidan Benfica a 2022. Huhunsa kamar na doki, ya hau ya sauka sau nawa ba ya haki, kuma da wuya a tsere masa. Sai ya isa inda ake so ya isa, ya ɗaga ƙwallo ta wuce kowa ta faɗa bayan fili. Wani a bayanmu ya yi ihu, "Zaidu, don Allah ka kai kayan gida mana!" Ola Aina a ɗaya gefen shi ne cikakke, ƙafa biyu duk nasa, ga ƙarfi ga dabara. A ranar da an ce in zaɓi gwanin gasar, shi zan nuna.

Wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a Buwake za a yi, arewa da Abijan da kusan kilomita 350. Muka bi babbar hanya ta Yamusukuro, muka hango ƙubbar majami'ar nan da Houphouët-Boigny ya gina tana leƙowa ta saman itatuwa, daji yana ta raguwa, iska tana bushewa har ta fara kama da ta gida. Garin su Kolo Touré ne, ɗan bayan da Arsenal ta gama kakar 2003 zuwa 2004 da shi ba a doke ta a gasar Firimiya ba, na kuwa faɗa wa Kawu haka sau uku har ya ce in ƙyale shi.

Afirka ta Kudu ta zo da abin da ba mu gamu da shi ba. Yawancinsu 'yan Mamelodi Sundowns ne, sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, ba sa ɗaga ƙwallo sama inda Ekong da Ajayi ke jira, a ƙasa suke zura ta tsakanin mutum da mutum. Sanusi bai buga ba, Aina ya koma hagu, Bright Osayi-Samuel ya shigo dama. Giciye ya fara yawa a littafin Kawu. Ekong ya ci fenareti a minti na 67. Saura minti kaɗan Osimhen ya ƙara ta biyu, muna tsalle muna rungumar waɗanda ba mu sani ba, sai alƙalin wasa ya tafi kallon na'ura, ya soke tamu, ya ba su fenareti a kan ƙetar da Alhassan Yusuf, ɗanmu na Kano, ya yi tun kafin a kai harin. Teboho Mokoena ya farke. Da Khuliso Mudau bai ɗaga wata sama da raga ba a daƙiƙun ƙarshe, da daga Buwake za mu kamo hanyar gida. Aka yi ƙarin lokaci, aka je bugun fenareti, Stanley Nwabali ya tare biyu, Omeruo da Ekong suka ci nasu, Aina ya harba tasa sama. Muka fito da 4 da 2. A mota Kawu bai yi barci ba. Ya ce, "Minti 120 a wannan zafin. Ka ga yadda Ekong ke dafa cinya? Ranar Lahadi za a biya bashin nan."

Wasan ƙarshe da masu masaukin baƙi a filin Alassane Ouattara za a yi. Filin yana Ebimpé, can bayan gari ta arewa, yana ɗaukar mutum 60,000. Yadda mai masaukinmu ya samo mana tikiti shi da Allah suka sani. Tun la'asar muka shiga don wasan ƙarfe takwas na dare. Duk inda ka duba ruwan lemo ne, mu 'yan kore ɗan tsibiri a tsakiyar kogi, ƙarar kuwa har a haƙori kake jin ta. Abu na farko da Kawu ya faɗa shi ne, "Yau bakin Ekong ba zai yi aiki ba, ba mai jin sa."

A minti na 38 aka yi mana kwana, ƙwallo ta tashi sama, Ekong ya taso ta bayan mutane ya sa mata kai. Ita kaɗai ce muka buga ta nufi raga duk daren, ta kuwa shiga. Ni na zaci an gama. Kawu ya nuna mini tsakiyar fili. Mutum biyu muke da su a can, Frank Onyeka da Alex Iwobi, su kuwa uku, Franck Kessié da Seri da Seko Fofana. Kullum akwai ɗaya da ba mai riƙe da shi, kuma kullum gefe guda yake aika ƙwallo, wurin Simon Adingra, yaro ɗan shekara 22. Aina ya tare shi sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Ghislain Konan yana zagayowa ta bayansa, namu ɗan gaban na wannan gefen bai cika dawowa taimako ba, Ajayi kuma, kamar yadda muka sani, ba ya son fitowa bakin layi. Layinmu ya yi ta ja da baya har dugadugansu suka kusa taka ƙafar Nwabali. Da aka dawo hutu Max Gradel ya samu ƙwallo gola ba ya nan, Bassey ya jefa jikinsa ya tare. Kawu ya ja masa giciye, sannan ya goge, ya ce wannan ba makara ba ce.

A minti na 62 Adingra ya bugo kwana, Kessié yana tsaye a turken nesa ba kowa a jikinsa, ya sa kai. Ƙungiyar da ke da dogaye uku a baya, aka ci ta da ka, ba wanda ya yi tsalle tare da mai cin. A minti na 81 Adingra ya sake fuskantar Aina, ya yi kamar zai tsaya, ya fizga, ya kai layi ya bugo ta daidai ƙugu. Ekong yana jikin Sébastien Haller, bai yi kuskuren tsayuwa ba, amma Haller ya ɗaga ƙafa ya riga shi da tsinin takalmi. Mutumin da aka gano yana da ciwon daji a 2022. Ko mu da aka ci, mun san abin da muka gani.

Aka ba Ekong kyautar gwarzon gasar, ɗan baya mai ƙwallo uku. Daga baya aka ji ashe da yagaggiyar tsokar cinya ya ƙarasa gasar, sai da aka yi masa tiyata. A waya kuwa zagi ake ta yi wa Iwobi da Aina, Ainan da kwana tara kafin nan ake cewa ba kamarsa a Afirka.

A hanyar dawowa, muna jiran a buga mana fasfo a Noé, na karanta wa Kawu sunayen 'yan bayan da hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓa cikin gwanayen gasar: Aina, Ekong, Chancel Mbemba na Kwango, da Konan. Ya buɗe littafinsa, wanda zufa ta riga ta jiƙa gefensa, ya daɗe yana ƙirga ɗigo da giciye da ɗan yatsa. Ya ce Aina bai lalace a dare ɗaya ba, an bar shi ne shi kaɗai da mutum biyu, kuma duk duniya ba lamba biyun da zai jure haka minti 90. Ya ce Ekong ya ci kyautarsa, amma kyautar shugabanci ce da ƙwallaye, kuma da bai ci ko ɗaya ba da ba wanda zai tuna da shi.

Na ce, "To Kawu, in an ce ka ɗauki mutum ɗaya ka kai shi Fagge, filin tsakuwa, ba mai rufa masa asiri dama da hagu?"

Bai ko ɗaga kai ba ya ce Bassey. Ni da na bar Kano ina kiran yaron nan mai garaje, ban yi musu ba. Wasa bakwai, ƙwallo huɗu aka zura mana, kuma a littafin Kawu babu ko ɗaya da aka rubuta a layinsa.